Darasi na Goma Sha Biyu: Yadda Ɗakin Karatu na Jami'a Yake Samun Littattafai da Yadda Yake Kula da Su

Gabatarwa

Ya ku ɗalibai, da yawa daga cikinku kuna da burin shiga jami'a idan kun kammala sakandare. Ranar da Allah ya kai ku can, ɗaya daga cikin gine-ginen da za a fara nuna muku shi ne ɗakin karatu, wanda ake kira laburare. Idan kuka je Jami'ar Ibadan, za ku tarar da Ɗakin Karatu na Kenneth Dike. A Jami'ar Nijeriya ta Nsukka akwai na Nnamdi Azikiwe. A Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife akwai na Hezekiah Oluwasanmi. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma akwai na Kashim Ibrahim.

Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikinsu zai ga dubban littattafai jere a kan kantoci. Shin kun taɓa tambayar kanku daga ina waɗannan littattafai suka fito? Wa ya zaɓe su? Da wane kuɗi aka saye su? Ta yaya ma'aikaci yake gano littafi guda a cikin dubbai ba tare da ɓata lokaci ba? Wannan darasi zai amsa waɗannan tambayoyi. Ku karanta shi a tsanake, sannan ku amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Zaɓen littattafai

Babu ɗakin karatun da zai iya sayen duk littattafan da ake bugawa a duniya. Kuɗi ba za su isa ba, wurin ajiya ma ba zai isa ba. Saboda haka matakin farko shi ne zaɓe.

Ɗakin karatu na jami'a yana yi wa malamai da ɗalibai da masu bincike hidima. Don haka yakan duba darussan da ake koyarwa a tsangayoyi da sassan jami'ar. Jami'ar da take koyar da aikin likita tana bukatar littattafan likitanci. Wadda take koyar da aikin gona tana bukatar littattafan noma da kiwo. Akan rubuta ƙa'idojin zaɓe a takarda, domin kada son ran mutum ɗaya ya yi tasiri.

Malamai su ne suke fara ba da shawara. Ku ɗauki misalin malamar da take koyar da adabin Hausa. Tana son ɗalibanta su karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, amma kofe biyu kacal suka rage a ɗakin karatu, kuma duk sun tsufa. Sai ta rubuta sunan littafin da na marubucin da na kamfanin da ya buga shi, ta miƙa wa shugaban sashenta. Shi kuma sai ya haɗa bukatun sauran malamai, ya aika wa shugaban ɗakin karatu.

Kafin a amince, ma'aikata sukan yi wa kansu wasu tambayoyi. Muna da wannan littafi ko ba mu da shi? Ɗalibai nawa ne za su yi amfani da shi? Akwai sabon bugu? Nawa ne farashinsa? A ce ɗalibai 200 ne a aji, kofe ɗaya ba zai wadatar ba. A fannin kimiyya da likitanci kuwa, sabon bugu ake nema, domin ilimin waɗannan fannoni yana sauyawa da sauri.

2. Hanyoyin samun littattafai

Akwai manyan hanyoyi huɗu da ɗakin karatu yake bi ya mallaki littattafai. Su ne saye da kyauta da musaya da kuma ajiya ta doka.

Hanya ta farko ita ce saye. Akwai sashe na musamman da yake wannan aiki. Shi ne yake aika oda ga kamfanonin ɗab'i ko ga dillalan littattafai. Littattafan da aka buga a cikin gida, a garuruwa irin su Ibadan da Legas da Zariya da Inugu, da naira ake sayensu. Waɗanda aka buga a Ingila ko Amurka kuwa da fam ko dala ake biya. A nan ne matsala take. A ce farashin littafi dala 50 ne. Idan ana canjin dala ɗaya a kan naira 400, kuɗinsa naira 20,000 ke nan. Idan dala ta koma naira 1,500, sai an biya naira 75,000 kafin a sami wannan littafi guda. Kun ga ke nan idan darajar naira ta faɗi, yawan littattafan da za a iya saye shi ma yana raguwa.

Kuɗin sayen littattafai suna fitowa ne daga kasafin kuɗin jami'a. Jami'o'in gwamnati suna kuma samun tallafi daga asusun TETFund. An kafa wannan asusu a 1993 da wani suna, sannan dokar 2011 ta ba shi sunan da yake amsawa yanzu. Daga harajin da ake cirewa cikin ribar kamfanoni yake samun kuɗinsa.

Hanya ta biyu ita ce kyauta. Wani malami idan ya yi ritaya yakan bayar da littattafansa. Wani kuma bayan rasuwarsa iyalinsa suke bayarwa. Gwamnatoci da ƙungiyoyin ƙasashen waje su ma sukan aiko da gudunmawa. Sai dai ba kowace kyauta ake ɗorawa a kanta ba. Idan littafi ya tsufa har iliminsa ya daina amfani, ko kuma ba shi da alaƙa da abin da ake koyarwa, ajiye shi cin wuri ne kawai. Don haka kyauta ma sai an tace ta.

Wani lokaci littattafan da mutum ɗaya ya tara a tsawon rayuwarsa su ne suke zama harsashin ɗakin karatu. Haka ta faru a Ibadan. Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, daga cikin abin da aka fara da shi akwai littattafan Henry Carr, wani masanin ilimi na Legas wanda ya rasu a 1945. Yawansu ya kai kimanin 18,000. John Harris shi ne shugaban ɗakin karatun na farko.

Hanya ta uku ita ce musaya, wato ba ni gishiri in ba ka manda. Jami'o'i suna buga mujallu da littattafan kansu. Sai wannan jami'a ta aika wa waccan nata, ita ma a aiko mata. Ta haka kowa ya ƙaru ba tare da an fitar da kuɗi masu yawa ba.

Hanya ta huɗu ita ce ajiya ta doka. Doka takan tilasta wa mai buga littafi ya ba wani ɗakin karatu kofe kyauta, domin a adana wa al'umma. Dokar ɗab'i ta 1950 ta ba ɗakin karatu na Ibadan wannan matsayi. Daga baya dokar 1970 ta mayar da shi hannun Ɗakin Karatu na Ƙasa. Bisa wannan doka, mai buga littafi zai ba da kofe 3, gwamnatin jiha ta ba da 10, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba da 25. Daga cikin kofe ukun nan, dokar ta ce a aika da ɗaya Jami'ar Ibadan.

Bayan waɗannan, jami'a tana da wata taska da babu inda ake sayar da ita. Ita ce kundayen digiri. Ɗalibin da ya kammala digiri na biyu ko na uku yakan miƙa kofen bincikensa, a ajiye a ɗakin karatu domin na baya su amfana.

3. Idan littafi ya iso

Mu koma kan littafin da malamar nan ta nema. Ga shi ya iso cikin kwali. Ba a kai shi kanta nan take, sai ya bi wasu matakai.

Da farko ma'aikaci zai gwada abin da aka kawo da abin da aka yi oda. Zai duba suna da bugu da yawan kofe. Zai buɗe shafuffuka ya tabbatar babu wanda ya ɓace ko ya juye. Lambar ISBN tana taimaka masa a nan. Wannan lamba ce mai alƙaluma 13 da ake bugawa a bayan littafi, kuma kowane bugu yana da tasa. A Nijeriya, Ɗakin Karatu na Ƙasa ne yake ba da ita.

Bayan haka sai a buga wa littafin hatimin jami'a a shafin farko da wani shafi na ciki da kuma gefensa. Sannan a shigar da shi cikin babbar rajista, a ba shi lambar shigowa. Kowane kofe yana da tasa lambar. Idan kofe goma aka saya, lambobi goma za a bayar. Daga wannan lokaci littafin ya zama dukiyar jami'a.

4. Rarrabawa da katalogi

Ku yi tunanin kasuwa. Masu sayar da yadi suna layi ɗaya, masu hatsi suna wani layi, mahauta kuma suna nasu gefe. Wannan tsari ne yake sa mai saye ya san inda zai nufa. Haka ɗakin karatu yake. Ana tara littattafan fanni ɗaya a wuri ɗaya. Wannan aiki shi ake kira rarrabawa.

Akwai tsare-tsare biyu da suka fi shahara. Na farko shi ne tsarin Dewey, wanda wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya fitar a 1876. Ya kasa ilimi gida goma, da lambobi daga 000 zuwa 999. Misali, 400 na harsuna ne, 500 na kimiyya, 800 na adabi, 900 kuma na tarihi da labarin ƙasa. Wataƙila shi ne ake bi a ɗakin karatun makarantarku.

Na biyu shi ne tsarin Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Yawancin jami'o'in Nijeriya shi suke bi. Yana amfani da haruffa da lambobi a haɗe. Harafin K na shari'a ne, L na ilimi, Q na kimiyya, R na likitanci, S na aikin gona, T na fasaha, P kuma na harshe da adabi. Littattafan Hausa da na Yarabanci da na Ibo suna ƙarƙashin PL. Saboda haka littafin malamar nan zai sami lamba mai farawa da PL. Ana rubuta lambar a kan ƙaramar takarda, a manna a ƙashin bayan littafin. Ita ce adireshinsa a kan kanta.

Daga nan sai a rubuta bayanin littafin a katalogi. Katalogi shi ne jerin duk abin da ɗakin karatu ya mallaka. Bayanin ya ƙunshi sunan marubuci, da sunan littafi, da garin da aka buga shi, da kamfanin ɗab'i, da shekara, da yawan shafuffuka, da fanni. A da a kan ƙananan katuttuka ake rubutawa, a jera su cikin aljihunan katako bisa tsarin abacada. Yanzu jami'o'i da yawa sun mayar da katalogi cikin kwamfuta. Wasu suna amfani da manhajar Koha, wadda aka fara ƙirƙira a ƙasar New Zealand, kuma kyauta ake samunta.

Ku lura da wannan sosai. Littafin da aka ajiye a kantar da ba tasa ba tamkar ɓatacce ne. Yana cikin ginin, amma babu mai ganinsa. Shi ya sa ake roƙon masu karatu su bar littafi a kan tebur idan sun gama, ma'aikata ne za su mayar da shi mazauninsa.

5. Sassan ɗakin karatu

Akwai sashen aro, inda ɗalibi mai katin shaida zai karɓi littafi ya tafi da shi na wasu kwanaki. Idan ya wuce ranar da aka ɗibar masa, sai ya biya tara. Akwai sashen littattafan duba, irin su ƙamus da taswira. Waɗannan ba a fita da su. A nan mai nazarin Hausa zai iya samun ƙamus ɗin Bargery na 1934, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Akwai sashen keɓe, inda ake ajiye littafin da masu nemansa suke da yawa amma kofensa kaɗan ne. Ana ba da shi na 'yan sa'o'i, a karanta a cikin ɗakin. Akwai kuma sashen jaridu da mujallu.

Sashe mafi tsaro shi ne na abubuwan da samunsu yake da wuya. A Ibadan an adana takardun Herbert Macaulay da rubuce-rubucen hannu na Larabci. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, shi ma yana adana takardun tarihi da rubuce-rubucen Larabci da na ajami. Irin waɗannan idan suka salwanta, babu kasuwar da za a je a sayo wasu.

6. Littattafan da ba na takarda ba

A yau kaso mai yawa na mujallun ilimi a intanet ake karanta su. Jami'a takan biya kuɗi duk shekara domin malamai da ɗalibai su sami izinin shiga. Akwai bambanci tsakanin wannan da sayen littafi. Littafin da aka saya ya zama na jami'a har abada. Mujallar intanet kuwa sau da yawa kamar gidan haya take, idan aka daina biya sai a rufe ƙofa.

Akwai shirye-shiryen da suke sauƙaƙa wa ƙasashe masu tasowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shirin HINARI a 2002 domin mujallun lafiya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara AGORA a 2003 domin mujallun noma. Amma duk waɗannan suna bukatar wutar lantarki da intanet mai ƙarfi. Don haka sayen janareto ko na'urar hasken rana ya shiga cikin ɗawainiyar ɗakin karatu.

7. Kula da littattafai

Hausawa suna cewa rigakafi ya fi magani. Littafi yana da abokan gaba da yawa. Gara tana cin takarda, kyankyaso yana lasar gam ɗin bango, ɓera kuma yana yayyaga shafuffuka. A kudancin ƙasar nan laima tana sa littafi ya yi funfuna. A arewa kuwa ƙurar hunturu da zafi suna busar da takarda har ta riƙa karyewa. Rufin da yake yoyo yana iya lalata kanta guda a dare ɗaya. Saboda haka ana share ƙura, ana yin feshin maganin ƙwari, ana barin iska ta shiga, ana kuma ajiye na'urar kashe gobara.

Littafin da bangonsa ya cire akan kai shi sashen ɗinki a gyara shi. A nan ne kuma ake haɗa mujallun shekara guda a yi musu bango mai ƙarfi. Tsofaffin takardu masu daraja kuwa ana ɗaukar hotonsu a adana a kwamfuta, domin a rage taɓa na ainihin.

Yaƙi ma abokin gaban littafi ne. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ɗakin karatu na Nsukka ya yi asarar littattafai masu ɗimbin yawa. Bayan yaƙin sai da aka sake tara wasu.

Lokaci-lokaci, musamman a dogon hutu, ma'aikata sukan ƙidaya abin da ke kan kantoci su gwada da rajista, domin su san abin da ya ɓace. Sukan kuma janye littattafan da suka lalace ko aka daina amfani da su, domin sababbi su sami wuri.

8. Naku nauyin

Wani lokaci mai karatu da kansa shi ne yake cutar da littafi. Wani yakan yage shafin da yake bukata ya sa a aljihu. Wani yakan ɓoye littafi a wata kanta lokacin jarrabawa don kada abokansa su samu. Wani yakan ara ya ƙi mayarwa. Ku tuna da doguwar hanyar da littafin ya biyo, tun daga takardar malamar nan har zuwa kanta. Ku tuna da kuɗin da aka kashe. Shafi ɗaya da aka yage yana iya hana ɗaruruwan ɗalibai karatu shekara da shekaru, kuma wataƙila ba a ƙara buga littafin ba. Tun daga ɗakin karatun makarantarku ya kamata ku saba da riƙon wannan amana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sababbin kalmomi

Kanta: katako ko ƙarfen da ake jera littattafai a kai.
Kofe: guda ɗaya daga cikin littattafai iri ɗaya da aka buga.
Ɗab'i: aikin buga littafi ko jarida.
Musaya: ba da wani abu a karɓi wani a madadinsa.
Hatimi: alamar da ake bugawa da tawada don a nuna mai abu.
Tara: kuɗin da ake biya saboda karya doka.
Laima: danshin da ke cikin iska ko ƙasa.
Salwanta: ɓacewa ko lalacewa.

Lura da nahawu

(a) Ku duba tilo da jam'in waɗannan sunaye: littafi, littattafai, kanta, kantoci, mujalla, mujallu, jarida, jaridu, kundi, kundaye, sashe, sassa, shafi, shafuffuka.

(b) Idan ba a son ambaton wanda ya yi aiki, ana amfani da waɗannan: an, ana, akan, za a. Misali: An sayi littafi. Ana sayen littafi. Akan sayi littafi. Za a sayi littafi. Na farko aiki ne da ya wuce, na biyu yana gudana, na uku sabo ne, na huɗu kuma yana nan tafe.

Tambayoyi

1. Me ya sa ɗakin karatu ba ya sayen kowane littafi?
2. Kawo hanyoyi huɗu da ake bi a sami littattafai.
3. Yaya faɗuwar darajar naira take shafar ɗakin karatu?
4. Kofe nawa dokar 1970 ta ce mai buga littafi ya bayar?
5. Mene ne bambancin lambar shigowa da lambar da ake mannawa a ƙashin bayan littafi?
6. Ambaci abubuwa biyar da suke lalata littafi.

Aikin yi

1. Ku gina jimla ɗaya da kowace daga cikin waɗannan kalmomi: musaya, hatimi, tara, kanta.
2. Ku mayar da wannan jimla zuwa jam'i: Ɗalibi ya ɗauki littafi daga kanta.
3. Ku ziyarci ɗakin karatun makarantarku. Ku zaɓi littafi ɗaya, ku rubuta sunan marubucinsa da shekarar da aka buga shi da lambar da aka ba shi. Ku tambayi mai kula da ɗakin ta wace hanya aka same shi, sannan ku rubuta abin da kuka gano cikin jimloli goma na Hausa.